A ina ake samun tsofaffin alƙaluman kamfanoni? Manhajata farashi kawai take nunawa

Malam_Habu_Kawo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekara biyu ke nan ina ɗan sayen hannun jari ta manhajar waya, kaɗan-kaɗan in albashi ya shigo. Yanzu dai na gaji da sayen abin da na ji ana yabo a majalisa. So nake in zauna in duba kamfanoni kamar shida, in ga yadda suka yi cikin shekara 15 da suka wuce: cinikinsu, ribar da ta rage bayan haraji, bashin da ke kansu, da abin da suka raba wa masu hannun jari kowace shekara. Manhajata layin farashi kawai take nuna mini, yana hawa yana sauka. Shafukan da na leƙa kuma shekara huɗu ko biyar suke bayarwa, in ka nemi ƙari sai su ce ka biya da dala. A ina ake samun tsofaffin nan? Kyauta nake nema ko mai sauƙin kuɗi, ni malamin makaranta ne.

DanTudunWada:
Wa alaikumus salam. Malam me za ka yi da lissafin 2010? Kasuwar yau ake ci. Ka koyi karanta layin farashin nan da kake rainawa, komai yana cikinsa.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Aikin akanta nake yi, bari in ba ka hanya mafi gajarta da na sani. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suna saka wani shafi a can ƙarshen rahotonsu na shekara, bayan an gama dogayen bayanan nan da ba mai karantawa. A samansa za ka ga an rubuta "Five-year financial summary", wato taƙaitaccen lissafin shekara biyar. A shafi ɗaya ko biyu za ka ga kadarori, basussuka, jarin masu kamfani, ciniki, riba kafin haraji da bayan haraji, da ribar da ta faɗa kan kowane hannun jari.

To ka ga ba sai ka sauke rahoto 15 ba. Uku sun ishe ka. Na 2024 zai ba ka 2020 zuwa 2024. Na 2019 zai ba ka 2015 zuwa 2019. Na 2014 zai ba ka 2010 zuwa 2014. Kamfani shida, fayil 18 ke nan. Aikin Asabar biyu ne in wuta ta yi maka adalci.

Malam_Habu_Kawo:
Allah Ya saka da alheri Hajiya. Wallahi na sha buɗe rahoton nan, ban taɓa kaiwa ƙarshe ba, shafi sama da ɗari ne. To su rahotannin a ina zan samu, musamman na 2014?

Maman_Ilham:
Fara da shafin kamfanin kansa, ɓangaren da suka ware wa masu zuba jari. Manyan bankuna da kamfanonin siminti suna ajiye na shekaru da dama. In babu, ka shiga shafin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, wurin sanarwar kamfanoni, ka zaɓi sunan kamfanin. Dokar kasuwar ta ce a miƙa lissafin shekara da odita ya duba cikin kwana 90 bayan rufe shekara, na wata uku-uku kuma cikin kwana 30, duk a nan ake lodawa. Akwai kuma wani shafi, AfricanFinancials, da ke tara rahotannin kamfanonin Afirka, can nake komawa in na rasa.

Sadiq_Samaru:
Ƙari a kan maganar Anti. In kamfani ya sake shafinsa tsofaffin fayiloli sun ɓace, a gwada Wayback Machine. Kana saka adireshin kamfanin sai ya nuna maka yadda shafin yake a shekarun baya, wani lokacin har fayil ɗin PDF yana nan. Ba kullum ake dacewa ba, amma ni ta nan na tono rahotanni biyu lokacin da nake rubuta kundin digiri na biyu.

Na kafin zamanin intanet kuwa, kasuwar tana buga wani littafi duk shekara, Fact Book, mai ɗauke da taƙaitaccen bayanin kowane kamfani. Duk wanda ya karanta tsofaffin kundayen ɗaliban akanta zai ga daga nan suke kwasar alƙaluma. In kana da hanyar Zariya ka shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ka tambaya, ko ka fara da na Kadpoly tunda yana kusa.

DanTudunWada:
Daga sayen hannun jarin dubu ashirin sai tafiya Zariya laburare? Kuɗin motar ma ya cinye ribar. 😂

Baba_Kakuri:
Yaro, bar Malam ya yi bincikensa. Ni irin maganarka ce ta kai ni ta baro. Da aka rufe mana masaƙa aka ba mu ɗan abin da aka ba mu, na ɗauki rabi na zuba a hannun jarin wani banki a 2007. A lokacin kowa saye yake, mai shayi ma yana da fom a aljihu. Layin farashi muke kallo, kullum sama yake. Ma'aunin kasuwar, lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura 66,000 a Maris ɗin 2008, kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. Bankin nawa yau ko sunansa babu. Da na san akwai wata takarda da ke nuna wa suka ba bashi da nawa aka kasa biya, ƙila da na rage.

Yakubu_SabonTasha:
Baba, sannu da haƙuri. Amma bari in faɗi wadda ba ta da daɗi. Na yi aiki a ofishin dillalan hannun jari a shekarun nan, kuma ko da ka karanta rahoton ba lallai ya cece ka ba. Bankunan da Babban Banki ya cire shugabanninsu a Agustan 2009, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ai rahotanninsu na baya riba suke nunawa. Sai da aka tura masu bincike na musamman aka ga ramin. Cadbury ma a 2006 an gano an kumbura lissafinsa na shekaru. Ba ina cewa Malam Habu ya fasa ba. Ina cewa takarda mutum ne ya rubuta ta.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne Oga Yakubu, shi ya sa ma dogon tarihi ya fi gajere amfani. Ƙarya a lissafi tana iya shekara biyu ko uku, amma da wuya ta yi goma ba ta bar sawu ba. In kamfani kullum yana cewa ya ci riba amma tsabar kuɗin da ke shigowa daga ainihin sana'arsa ba ta bin ribar, kuma bashin da yake bin mutane sai ƙaruwa yake, akwai magana. Sai dai a nan dabarar da na bayar ta gaza, dole in faɗa: shafin shekara biyar ɗin nan ba ya kawo lissafin shige da ficen tsabar kuɗi. Wannan sai ka buɗe rahoton. Amma kowane rahoto yana kawo shekara biyu gefe da gefe, ta bana da ta bara, saboda haka takwas sun rufe maka shekara 16.

Malam_Habu_Kawo:
To daga fayil 18 mun koma 48. Ba komai, hutun ƙarshen zango yana tafe.

Ustaz_Rigasa:
Salamu alaikum. Ni wannan tambaya ta yi mini daɗi saboda wani dalili daban. Da yawanmu muna tambaya ko hannun jarin kamfani kaza halal ne, sai a tsaya kan sana'arsa kawai: ba ya yin giya, ba bankin ruwa ba ne, shi ke nan. Alhali malaman da suka tsara ƙa'idar wannan fanni suna duba lissafin ma. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, bashin ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin da ya ajiye a inda ake ba shi ruwa shi ma haka, kuma abin da ya shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa, shi ma a fitar da shi a yi sadaka. Ta yaya za ka san wannan in ba ka buɗe rahoto ba? Kuma kamfani yana iya tsallakewa bana, baɗi ya ci bashi ya faɗi.

Mai_Shago_KasuwarBarci:
Ustaz ai akwai jerin da aka riga aka tace, ko ba haka ba? Ni shi nake bi, ba ni da kan lissafi.

Ustaz_Rigasa:
Akwai, ma'aunin Lotus na Musulunci, tun 2012 yake a kasuwar. Yana da amfani ƙwarai. Amma zaɓaɓɓun kamfanoni ne kaɗan a ciki, kuma ana sabunta shi, wani ya shiga wani ya fita. Ba zai gaya maka kobo nawa za ka tsarkake daga ribar da aka turo maka ba. Wannan sai ka duba abin da kamfanin ya samu na kuɗin ruwa a shekarar.

Yakubu_SabonTasha:
Malam Habu, tunda ka ƙuduri aniya, ga ramukan da na ga mutane suna faɗawa.

Na farko, ginshiƙi biyu za ka gani, ɗaya an rubuta Group ɗaya Company. Na farkon shi ne uwar kamfani haɗe da 'ya'yanta, na biyun uwar ita kaɗai. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, kuma galibi na farkon kake so. Na taɓa ganin wani ya haɗa biyun ya zo yana ihu wai cinikin kamfani ya faɗi warwas, alhali ginshiƙi ya tsallaka.

Sai saman shafi. Wani rahoton a dubbai yake ƙirga, wani a miliyoyi, kuma kamfani ɗaya yana iya sauyawa a tsakiyar tafiya. Ribar kowane hannun jari ma wani a kobo yake rubutawa wani a naira.

Babban ramin shi ne bonas, wato ƙarin hannayen jari da kamfani ke raba wa masu jarinsa kyauta. Misali kamfani ya ci ribar naira biliyan 10, hannayen jarinsa biliyan 5, kowanne ya samu naira 2. Baɗi ya ba da bonas, ɗaya a kan kowane huɗu, sun zama biliyan 6.25. Ko da ribar ba ta motsa ba, kowanne ya koma naira 1 da kobo 60. Wanda bai san an yi bonas ba sai ya ce kamfani ya ja baya. Akwai kuma kishiyarsa, a dunƙule hannayen jari, kamar yadda Transcorp ya yi a 2024, huɗu suka koma ɗaya. Saboda haka ka buɗe layi guda a teburinka na yawan hannayen jari a kowace shekara. In babu wannan layin, sauran duk ado ne.

Sadiq_Samaru:
Oga ka manta da 2012. Kafin nan da ƙa'idar lissafi ta gida ake aiki, SAS. Daga Janairun 2012 aka wajabta wa kamfanonin kasuwa komawa ta duniya, IFRS. Da suka fitar da rahoton 2012 sun sake lissafa 2011 da sabuwar ƙa'ida don a kwatanta, amma 2010 da abin da ya gabace ta suna kan tsohuwa. To Malam in ka ga wani tsalle tsakanin 2010 da 2011, kada ka yi saurin cewa kasuwanci ne ya sauya, ƙila mudun ne aka sauya.

Maman_Ilham:
Haka ne. Kuma in shekara ɗaya ta fito a rahoto biyu da alƙaluma daban, ka ɗauki na rahoton baya-bayan nan, galibi za ka ga an rubuta "restated" a kai, wato an gyara lissafin. Amma ka ajiye tsohon a gefe. Kamfanin da kullum yake gyara lissafin bara, wannan ma labari ne.

Fati_Malali:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, mun samu wata jaka cike da takardun shaidar hannun jari, wasu tun shekarun 1980, har da na bankunan da ban taɓa jin sunansu ba. Akwai kuma tsofaffin rahotannin shekara da ake aiko masa ta gidan waya, sun kai talatin. Yayana ya ce a ba mai ƙosai. Suna da wani amfani?

Sadiq_Samaru:
Innalillahi, kada ku ba mai ƙosai! Allah Ya jiƙan Baba. Abin da muke wahalar nema ke nan tun safe. Ko hoto ki ɗauka mana na shafukan ƙarshe.

Yakubu_SabonTasha:
Allah Ya ba ku haƙuri 'yar'uwa. Takardun shaidar ma kada a yar. Bankuna 89 ne suka koma 25 a ƙarshen 2005, bayan Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki zuwa naira biliyan 25. Da yawa ba mutuwa suka yi ba, haɗewa suka yi. Bank of the North alal misali yana cikin waɗanda suka zama Unity Bank. Sai ki bi sunan ki gano wa ya gaje shi, sannan ki nemi rijistaran da ke riƙe da littafin masu hannun jarin wannan kamfani. A shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, akwai wurin da ake saka suna a ga ko mutum yana da ribar da ba a karɓa ba. Za a nemi takardar kotu ta masu kula da gado kafin a mayar da sunan magada, sannan a zuba su a asusun CSCS, ma'ajiyar hannayen jari ta kwamfuta, ta hannun dillali. Da ɗan yawo, amma haƙƙinku ne.

Fati_Malali:
Na gode ƙwarai. Zan ƙwace jakar daga hannun Yaya yau ɗin nan.

Baba_Kakuri:
Allah Ya jiƙan mahaifinki. Mutanen da ke nan. A lokacinsu ai Kaduna ba baya take ba a harkar nan, tun 1978 kasuwar ta buɗe reshe a garin nan, shi ne na farko a wajen Legas. Ma'aikatan gwamnati da na masaƙu da yawa sun sayi hannun jari tun zamanin da aka tilasta wa kamfanonin Turawa sayar wa 'yan ƙasa kaso. Rahoto yana zuwa har akwatin gidan waya, da takardar ribarka a ciki. Yanzu an ce komai yana waya, ga shi kuma ana neman na shekara goma an rasa.

Admin_Bello:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Habu. Maganar gado a buɗe mata nata zaren, tana da muhimmanci. Kuma wanda ya turo tallar "ninka kuɗinka cikin kwana bakwai" na goge, in ya sake zan fitar da shi.

Abban_Khalifa:
Ni abin da ke ba ni haushi, in kamfanin Amurka kake nema wannan duk ba matsala ba ce. Hukumarsu tana da rumbu, EDGAR, kyauta ne, rahotannin tun shekarun 1990 suna nan. Daga wajen 2009 ma suka sa kamfanoni suna miƙa alƙaluman a tsarin da kwamfuta ke karantawa kai tsaye, shi ya sa shafuka barkatai suke iya ba ka teburin Apple ko Coca-Cola na shekaru cikin daƙiƙa. Mu kuwa PDF ne, wani ma hoton takarda aka ɗauka a karkace, ko kwafa ba ka iya yi sai ka buga da hannu.

DanTudunWada:
To ka ga dalilina. Masu kuɗi suna da Bloomberg, manhajar bayanan kasuwa ta sama da dala 20,000 a shekara, suna danna maɓalli ɗaya su ga abin da Malam zai yi wata yana bugawa. Ta ina za ka riga su? Gara ka bi sawunsu a layin farashi.

Maman_Ilham:
Ƙanena, ba tsere Malam yake yi da su ba. Su suna da kamfani dubu a gabansu, shi shida. Kuma wanda ya buga alƙaluma da hannunsa yana ganin abin da mai danna maɓalli ba ya gani, domin dole ya karanta ƙananan bayanan da ke ƙasa. Ni na sha kama kuskure a shafukan nan na kyauta: su ɗauki ribar wata tara su saka a matsayin ta shekara, ko su bar bonas ba su gyara ba. Ƙananan kamfanoninmu ba mai duba musu.

Yakubu_SabonTasha:
Maganar wata tara ta tuna mini. Bankuna a da kowa da watan da yake rufe shekararsa. First Bank a Maris yake rufewa. Babban Banki ya ce kowa ya koma 31 ga Disamba daga 2009, shi ya sa a wannan tsakanin za ka ga wani rahoton na wata tara ne, wani na wata 15. In ba ka lura ba sai ka ce riba ta yi tsalle ko ta faɗi. Har yau ma ba kowa ke rufewa a Disamba ba: PZ a Mayu, Airtel Africa a Maris, kuma shi da dala yake lissafi.

Sannan sunaye. In ka nemi GTCO na 2014 ba za ka samu ba, sai 2021 aka yi shi, kafin nan Guaranty Trust Bank ne. Access Holdings 2022. BUA Cement a Janairun 2020 ya shiga kasuwa, bayan an haɗa kamfanin siminti na Sakkwato, CCNN, da na Obu, to tarihinsa na baya a rahotannin CCNN yake, kuma wannan ɗan ƙaramin kamfani ne in aka kwatanta da na yanzu. MTN Nigeria sai Mayun 2019, Jaiz 2017. Waɗannan ba za su ba ka shekara 15 a shafin kasuwa ba. Amma takardar da kamfani ke fitarwa lokacin shiga kasuwa tana ɗauke da lissafin 'yan shekarun da suka gabata, a neme ta.

Malam_Habu_Kawo:
Wannan ya taɓa ni kai tsaye, domin BUA Cement da MTN da Jaiz duk suna cikin shidan nawa. Sauran su ne Dangote Cement, Nestle da Okomu. Na fara da Dangote daren jiya kamar yadda Hajiya ta ce, shafin yana nan a ƙarshe. Ciniki ya tashi daga kusan naira tiriliyan 1.03 a 2020 zuwa kusan tiriliyan 3.58 a 2024. Ya ninka fiye da sau uku cikin shekara huɗu. Wannan ai ba sai an yi dogon bincike ba.

Abban_Khalifa:
Malam tsaya tukuna. Nawa dala take a 2020? Wajen naira 380 a farashin gwamnati. A 2024 fa? Wajen 1,500. Raba ka gani. Na 2020 ya kama dala biliyan 2.7, na 2024 wajen biliyan 2.4. Ban ce kamfanin bai yi ƙoƙari ba, amma yawancin ninkin nan naira ce ta rame, ba buhunan siminti ne suka ninka uku ba. Ka duba tan nawa suka sayar, yana cikin rahoton. Ka kuma ƙara layi biyu a teburinka, canjin dala da hauhawar farashi na kowace shekara. Na farkon yana cikin kundin alƙaluma na Babban Banki, na biyun a Hukumar Ƙididdiga, duk kyauta.

Mai_Shago_KasuwarBarci:
Wannan kam ko ni na gane. Cinikin shagona ya ninka uku, kayan da ke kan kanta sun ragu.

Maman_Ilham:
Kuma faɗuwar nairar ta 2023 za ta ɓata maka layin MTN da Nestle, ka shirya. MTN Nigeria ya rubuta asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 alhali cinikinsa ƙaruwa ya yi. Abin da ake binsa da dala ne ya kumbura da aka mayar da shi naira. In ribar ƙarshe kawai ka kwafa za ka ce kamfani ya lalace. Ka kwafi ribar ainihin aiki daban, asarar canji daban, sai ka ga wanne ne ciwon.

DanTudunWada:
To Anti, duk wannan wahalar, a ƙarshe tarihin zai gaya masa abin da zai faru gobe? Wanda ya karanta lissafin shekara goma a 2022 ya san za a saki naira a Yunin 2023?

Maman_Ilham:
Bai san ranar ba. Amma da ya karanta ya san wane kamfani ne ke ɗauke da bashin dala, wane ne kuma ke samun dala. A rubuce yake a bayanan ƙasa, har da lissafin abin da zai faru in naira ta faɗi da kaso kaza. Kuma ba sabon abu ba ne, an gani a 2016.

DanTudunWada:
Na ji wannan. Amma dai ni ina nan kan layina.

Sadiq_Samaru:
Akwai wani abu da malaminmu ya kama ni da shi wajen kare kundi, bari in raba muku zafin. Duk jerin da za ka haɗa yau, na waɗanda suka rayu ne. Oceanic, Intercontinental, Afribank, Skye, Diamond, duk sun taɓa zama manya a allon kasuwa, yau babu su. In ka duba tarihin waɗanda suka rage kaɗai sai ka ce harkar banki ba a taɓa asara a cikinta ba. Kuma da zarar an cire kamfani daga kasuwa, takardunsa ne ke fara ɓacewa a intanet. Kamfanin siminti na Ashaka ya fita, Flour Mills ma ya fita a ƙarshen 2024. Duk mai son rahotanninsu ya sauke ya ajiye tun yanzu. Shi ya sa jakar su Anti Fati ta fi ƙarfin mai ƙosai.

Baba_Kakuri:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Mu da muka saya a wurin matattun ba a saka mu a lissafi.

Ustaz_Rigasa:
Shawara. Tunda kowa wahala ɗaya yake sha, me zai hana a raba aikin? A buɗe tebur guda a Google Sheets, kowa ya ɗauki kamfani ɗaya ko biyu. Ni zan ɗauki Jaiz da Okomu, in ƙara layin bashin ruwa da kuɗin ruwa.

Yakubu_SabonTasha:
Shawara mai kyau, amma da sharaɗi. Duk lambar da aka saka a rubuta rahoton wace shekara da shafi na nawa aka ɗauko ta, kuma wani daban ya sake dubawa. In ba haka ba mutum ɗaya ya ƙara sifili, mutum ɗari su sayi kaya a kansa. Na ga irin wannan aikin gayya sau biyu, sati uku ake yi kowa ya watse.

Admin_Bello:
Zan buɗe teburin, amma mutum uku kawai za su iya gyarawa, sauran kallo. Kuma a sani, ba shawarar saye ko sayarwa zaure yake bayarwa ba, kowa da kuɗinsa.

Fati_Malali:
Na karɓo jakar. Guda 34 ne, ɓera ya taɓa huɗu. Akwai na Ashaka guda shida, da na CCNN uku, sauran bankuna ne da wani kamfanin inshora. Wa zan ba ya ɗauki hoton? Wayata ba ta da wuri.

Malam_Habu_Kawo:
Na CCNN ɗin nan nake nema ido rufe. Hajiya Fati in ba damuwa a kawo su makarantarmu ranar Asabar, akwai na'urar sikanin a ofishin jarrabawa, zan nemi izinin shugaba. Sadiq in kana gari ka zo ka taya ni. Hajiya Maman Ilham kuma tambaya ɗaya ta rage mini: a rahoton Okomu na ga ribar da aka raba kashi biyu ce, ta tsakiyar shekara da ta ƙarshe, kuma ta ƙarshen sai shekara mai zuwa aka biya. A wace shekarar zan rubuta ta?

Maman_Ilham:
A shekarar da aka ci ribar, ba wadda aka biya ba, in kwatanta ta da ribar shekarar kake so. Ka haɗa biyun. Kuma abin da aka sanar kake rubutawa, ba abin da ya shigo asusunka ba, domin an cire harajin kashi 10 kafin ya iso gare ka.

Yakubu_SabonTasha:
Ni kuwa a shekarar da aka biya nake saka tawa, don ta dace da lissafin tsabar kuɗi. Admin ka yi layi biyu kawai kafin mu fara wata rigimar.

Sadiq_Samaru:
Asabar ƙarfe nawa Malam? Zan taho da filashi.